Fir'auna a labarin soyayya: yadda aka kwashe ta a zauren marubuta da makaranta

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan yayin da marubutanmu suka shigo da shi, na kai labarin soyayya gidan sarautar tsohuwar Masar, ya fara wuce gona da iri. Akwai wani da ake ta turawa zauruka yanzu, ba zan kama suna ba. Jarumar Nafartari ce, matar Ramsis na Biyu, amma sai ga ta a babi na uku tana kallon leburori suna ɗora duwatsun dalar Giza. Babbar dalar nan tun wajajen 2560 kafin miladiyya aka gina ta, shi kuwa Ramsis a 1279 ya hau gado. Kusan shekara 1,300 a tsakani. A zamaninsa sarakuna sun daɗe da barin dala, kabari suke sassaƙawa a cikin dutse a Kwarin Sarakuna, hayin Luksor ta yau.

Ba a nan abin ya tsaya ba. An kawo lefe a kan raƙuma, alhali jaki da jirgin ruwa ne abin ɗaukar kayansu, raƙumi bai zama dabbar aiki a Masar ba sai ɗaruruwan shekaru bayan Ramsis. An zube wa uban yarinya tsabar zinariya, alhali ba su da tsabar kuɗi. Ma'auni suke da shi mai suna deben, kusan giram 91, a ƙiyasta kaya da nauyin jan ƙarfe ko azurfa sannan a yi musaya. Suturar kuma duk auduga da alharini, ga mutanen da lilin suke sawa.

Abin da ya fi ƙona min rai, babu buƙatar ƙarya ko ɗaya. Ga Fir'auna mai son matarsa da ya sassaƙa mata haikali guda a Abu Simbel, mutum-mutumi shida a fuskar ginin, kowanne kusan mita 10, huɗu nasa biyu nata, tsayinta daidai da nasa, abin da ba a saba yi wa matar sarki ba. An bar wannan ana haɗa mana gambiza. Don Allah in za ku rubuta, ku yi bincike.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya, duk na karanta, amma magana ɗaya ta tsaya min a wuya: "Fir'auna mai son matarsa". Subhanallah. Wanda ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, kamar yadda ya zo a Suratun Nazi'at, wanda ya yanka jarirai maza na Bani Isra'ila, shi ake yi wa kirari da soyayya? Matsalar littattafan nan ba raƙumi ba ce. Matsalar ita ce ƙaramar yarinya ta kwana tana kuka don Fir'auna ya yi fushi da masoyiyarsa. Matar Fir'auna da muka sani, Nana Asiya, addu'arta a ƙarshen Suratut Tahrim ita ce Allah ya tsirar da ita daga shi da aikinsa.

Malam Na-Zariya:
Malam Abu Sadik, Allah ya gafarta maka, ka haɗa mutum ɗaya da sarauta. Fir'auna ba sunan yanka ba ne. Asalinsa kalma biyu ce ta harshen tsohuwar Masar, per da aa, wato babban gida. Shekara fiye da dubu ginin fadar kawai ake nufi da ita. Sai a daula ta 18 aka fara kiran sarkin kansa da ita, kamar yadda mu ma muke cewa "fada ta ce" alhali sarki ne ya ce. Akwai wasiƙar da aka rubuta wa Akanatan, mijin Nafartiti, da ta kira shi haka. Haɗa ta da suna kuwa, a ce Fir'auna wane, sai can zamanin Siamun na daula ta 21 aka fara ganinsa a rubuce.

Saboda haka ga mai rubutu ƙa'idar a fili take. In labarinki a zamanin Khufu yake, mai babbar dala, babu bafaden da zai ce "Fir'auna ya fito". Sarki a wurinsu nesu ne. In kuma zamanin Ramsis na Biyu ne, kalmar ta riga ta shiga baki, babu kuskure. Ka duba Suratu Yusuf ma, Malam. Sarkin da ya yi mafarkin shanu bakwai, Alƙur'ani "al-Malik" ya kira shi, bai ce Fir'auna ba ko sau ɗaya. Sai a ƙissar Annabi Musa (AS) kalmar ta zo. Ga sarkin Masar nan da ya fitar da Annabi daga kurkuku ya danƙa masa taskokin ƙasa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Abu Sadik:
Malam, ai kai ka kawo min hujja da bakinka. In Alƙur'ani ya kira na kirkin Sarki ya ajiye Fir'auna ga azzalumin, mu su wa da za mu saɓa? Kuma mu Hausa muke karantawa, ba harshen Masar ba. A Hausa in aka ce wane Fir'auna ne, ba mai tuna wani babban gida. In aka ce ana fir'aunanci, zalunci ake nufi. Kalma tana ɗaukar ma'anar da masu harshe suka ba ta.

Malam Na-Zariya:
Ayar ba ta ce wancan na kirki wannan azzalumi shi ya raba sunan ba. Zamani ne ya raba.

Abu Sadik:
Wannan fahimtarka ce.

Anti Mai Alƙalami:
Ni ba ruwana da Fir'aunanku. Ni "gambiza" ce ta ɓata min rai. Ummu Hanan, kin san me ake sha kafin a haɗa babi 60 a waya, a tura kullum, makaranta na damun mutum da "ina na yau"? Ƙirƙirarren labari ne, ba littafin jarrabawa ba. Duk wadda ta rubuta labarin gidan sarautar ƙasar Hausa ba a tambayarta wace shekara sarkin ya hau. Sai da aka ga na Masar ya samu karɓuwa sannan aka tuna da tarihi. Kullum ku makaranta aikinku ke nan, ku karanta kyauta sannan ku zo ku yi wa mutum tonon silili. Marubuta mata ake wa wannan, mun sani.

Ɗan Sakkwato:
A bar ta kalma, a zo ga mutumin. Shi Ramsis na Biyun nan ai shi ne Fir'aunan Annabi Musa, kowa ya sani. Gawarsa tana nan, an kai ta Faransa an bincika an samu gishirin teku a jikinsa. Ayar Suratu Yunus ce ta tabbata, cewa za a tsirar da jikinsa ya zama aya. To in haka ne Hajiya ta ɗauko ainihin mutumin ta ce a rubuta masa soyayya.

Malam Na-Zariya:
Ƙanena, ayar gaskiya ce, amma ba ta kama sunan Ramsis ba, kuma babu ingantaccen nassin da ya kama. An kai gawarsa Faris a 1976, haka ne, amma don ƙwayoyin fumfuna da suka fara cin ta. Maganar gishiri kuwa, duk gawar sarki da aka adana sai ka same shi, domin da kanwa suke busar da ita. Aikin kwana 70 ne. A cire kayan ciki, a binne jikin cikin kanwa kusan kwana 40 har ruwan jikin ya tsotse, sannan a shafe shi da mai da ƙaro a naɗe da lilin. Kanwar kuma a haɗe take da gishiri tun daga inda ake haƙo ta, Wadin Natrun.

Ramsis shekara 66 ya yi a kan gado, ya mutu yana da kusan 90, gaɓoɓi sun sandare, haƙora sun lalace, baya ya ranƙwafa. Ka auna da kanka ko wannan ne zai hau karusa ya bi mutane har bakin teku. Shi ya sa likitan nan na Faransa, Maurice Bucaille, wanda ake yawan jingina masa maganar, ɗansa Marnafta ya nuna, ba shi ba. Wasu masanan kuma can daula ta 18 suka kai abin. Hasashe ne duka.

Ɗan Sakkwato:
To ko ɗansa ne ai gida ɗaya ne. Ni dai malamai da yawa na ji sun ce Ramsis.

Ummu Hanan:
Jama'a an bar jaki ana dukan taiki. Ni maganar bincike na kawo. Ku cire kalmar ku sa "Sarki" in ita ce damuwarku, raƙumin dai yana nan, tsabar zinariyar tana nan.

'Yar Damagaram:
Yaya Ummu Hanan, ni rabin jimlar da aka bari zan ɗauka: "matarsa". Wace daga ciki? Nan ne marubuta suke faɗuwa, ke ma kin ɗan taɓa. Harshensu ba shi da kalma guda da ta yi daidai da sarauniya irin tamu. Mace da dangantakarta da sarki ake kiranta: matar sarki, uwar sarki, 'yar sarki, 'yar'uwar sarki. Mafi girma ita ce Babbar Matar Sarki. Nafartari ta riƙe wannan, gaskiya, kuma kabarinta da aka gano a 1904 a Kwarin Sarauniyoyi ya fi na kowace mace kyau. A rubutun Abu Simbel an ce saboda ita rana take fitowa. Har wasiƙa ta aika wa Fuduhefa, matar sarkin Hittiyawa, mutanen yankin Turkiyya ta yau, bayan sulhun da Ramsis ya yi da su a shekara ta 21 ta mulkinsa, tana kiranta 'yar'uwa, tare da sarƙar zinariya da tufafi.

Amma a lokacin nan akwai Isetnofret a gidan, ita ma tana ta haihuwa. Ramsis 'ya'yansa sun kai kusan 100. Babban ɗan Nafartari, wanda ya fara zama yarima mai jiran gado, ya riga ubansa mutuwa. Wanda ya gaji sarautar, Marnafta, ɗa na 13 ne, kuma ɗan Isetnofret. Mowa ta samu haikali, kishiya ta samu gado. Ita Nafartarin ba ta kai rabin mulkinsa ba ta rasu, a shekara ta 34 kuma ya auro 'yar sarkin Hittiyawa.

To marubuciyar da ta san gidan mata da yawa, ta san rabon kwana da ɗan uba da jakadiya, me zai sa ta zubar da wannan ta kwaikwayi labarin mace ɗaya miji ɗaya? Kuma gidan matan sarki ba wurin kwanciya da fifita ba ne. Na Gurob, a bakin Fayum, da gonakinsa da shanunsa da ma'aikatansa, babbar masaƙa ce ta lilin. Jarumarki in tana can, akwai zare a hannunta ko a ƙarƙashin kulawarta.

Anti Mai Alƙalami:
Ƙanwata, makaranta sun gaji da kishiya, shi ya sa suka gudu Masar. Abin da suke so yarima ya hango 'yar talaka a bakin kogi ya ce sai ita. Kuma wannan ya faru. Tiye matar Amanhotaf na Uku ba 'yar sarauta ba ce, kowa ya sani, amma ta zama Babbar Matar Sarki har ya haƙa mata tafki. To wa zai ce mana mun yi ƙarya?

'Yar Damagaram:
Anti, ba 'yar sarki ba ce, amma ba 'yar talaka ba ce. Ubanta Yuya babban jami'in dawaki da karusai ne daga Akmim, uwarta Tuya tana da muƙamai a haikali. A Kwarin Sarakuna aka binne su biyun, wurin da talaka ba ya ko leƙawa. Shi kuma Amanhotaf yana yaro ya hau gado, zuwa shekara ta 2 ta mulkinsa sunanta na tare da nasa. Auren manya ne suka ƙulla wa yara. Soyayyar in ta zo, daga baya ta zo, kuma a ganina wannan ya fi daɗin rubutawa.

Tafkin gaskiya ne. An rubuta shi a bayan wasu duwatsu masu siffar buzuzu da sarkin ya rarraba: shekara ta 11, tsawo kamu 3,700, faɗi kamu 700. Kamun sarki kusan santimita 52 ne, wato tsawon ya kusa kilomita 2. Amma ki duba buzuzun shekara ta 10. Shi kuma sanarwar isowar Gilukefa ce, 'yar sarkin Mitanni, wata ƙasa a arewacin Siriya ta yau, da 'yan rakiya mata 317. An yi wa uwargida amarya bana, an haƙa mata tafki baɗi. Ko a nan ki ce min ba ki gane labarin ba. Kuma ko a sanarwar amaryar, sunan Tiye da na iyayenta ne a gaba.

Wani kuskuren da nake yawan gani, a aurar da gimbiyar Masar ga sarkin wata ƙasa. A allunan yumɓu na Amarna da aka gano a 1887, sarkin Babila ya nemi haka, aka ba shi amsa cewa tun fil azal ba a taɓa ba kowa 'yar sarkin Masar ba. Har ya ce to a aiko masa kowace kyakkyawa a ce 'yar sarki ce, wa zai sani. Suna karɓa, ba sa bayarwa.

Abu Sadik:
Ba sa bayarwa saboda su suke aure abinsu. Wannan ne kuke ta kewayewa. Ramsis ɗin da ake yabo ya mayar da 'ya'yan cikinsa matan sarki, Bintanat da Meritamun. Tutankamun, gwajin jinin da aka yi a 2010 ya nuna uwarsa da ubansa wa da ƙanwa ne. Waƙoƙinsu na soyayya ma saurayi "'yar'uwata" yake cewa. Wannan za a kawo wa 'ya'yanmu da sunan tarihi?

Malam Na-Zariya:
Na gidan sarauta gaskiya ka faɗa, Malam, ba mai musu, kuma duk wadda ta zaɓi Tutankamun ko Hatshafsut ko Kiliyofatira dole ta san tana taka wannan. Amma waƙoƙin ka zalunce su. Sen da senet, ɗan'uwa da 'yar'uwa, kalmomin ƙauna ne, kamar yadda matan yanzu suke ce wa miji Yaya. Talakawan zamanin ba su saba auren shaƙiƙai ba. A waƙoƙin kansu za ka ga yarinya tana cewa saurayin maƙwabcin gidan uwarta ne, ba ta da hanyar zuwa wurinsa, tana fatan ya aiko wa uwarta. Wanda suke ciki ɗaya ba ya aike.

Ina roƙon marubuta su nemi waɗannan waƙoƙi, suna cikin takardun da ake kira Chester Beatty na ɗaya da Harris 500, na zamanin su Ramsis ne. A ɗaya saurayi ya kwana bakwai bai ga yarinyar ba, ciwo ya kwantar da shi, manyan likitoci sun zo maganinsu bai yi ba, ya ce a ambaci sunanta kawai zai tashi. A wasu makamantansu tana hayin kogi, kada na kwance a kan yashi, ya faɗa ruwan ya ƙetare. Wani kuma burinsa ya zama mai wankin kayanta ko na wata ɗaya, don ya taɓa tufar da ta taɓa jikinta. Wani ya ce da ma shi ne zoben yatsarta. Ga muryar da jarumanku ya kamata su yi magana da ita. Kuma ku daina rubuta ɗaurin aure a haikali da boka yana shafa musu albarka. Babu shaidar irin wannan biki. Aure a wurinsu kafa gida ne, ta tare, a san dukiyar kowa.

Abu Sadik:
"Boka" ka ce da bakinka. To aƙalla mun yarda bautar gumaka ce.

Malam Na-Zariya:
Ba wanda ya ce masallaci ne, Malam.

Maman Ilham:
Tunda an zo nan, ni bangon littattafan ne ke ba ni haushi. Kullum farar mace mai koren ido da gashi har gadon baya. Masar a Afirka take. Akwai zanen Nafartari baƙa wuluk, na gani. Gashin ma da kuke gani hular gashi ce, an kitsa ta da gashin mutum an kafe ta da kakin zuma.

Ɗan Sakkwato:
Anti, ai Larabawa ne. Ki dubi Misirawan yau. Kiliyofatira baƙa ce?

Maman Ilham:
Larabawa sai wajajen 640 miladiyya suka ci Masar. Kiliyofatira kuwa jikar Girkawan Makidoniya ce, gidan Batlamus, ta mutu a 30 kafin miladiyya. Tsakaninta da Nafartari shekara 1,200 ne da ɗoriya. Kada ka kawo min ita.

'Yar Damagaram:
Maman Ilham, waccan baƙar da kika gani wata ce daban, Ahmos-Nafartari, matar wanda ya kafa daula ta 18, ta riga ta Ramsis da fiye da shekara 200. Suna ne ya zo ɗaya. Launin zanensu kuma ƙa'ida ce: namiji ja-ja, mace fatsi-fatsi, baƙi launin ƙasar noma da sake rayuwa. Ba hoto ba ne. In baƙaƙen sarakuna kike so waɗanda ba a jayayya a kansu, ga daula ta 25, mutanen Kush daga Sudan ta yau, su Piye da Taharka, sun riƙe Masar kusan shekara 90.

Maman Ilham:
Wato duk inda aka ga baƙi sai a ce alama ce, in aka ga fari sai a ce fata ce. Mun saba ji.

Ummu Hanan:
Anti Mai Alƙalami, ban manta da maganarki ba. Kin ce muna karantawa kyauta. Wanda nake magana a kai kuɗi ake biya kafin a shiga zaurensa. Wanda ya biya yana da bakin magana.

Anti Mai Alƙalami:
To ai kin kusa kama sunan. Kowa a nan ya gane wa kike nufi, kuma ba ta cikin zauren balle ta kare kanta. In gyara kike so ki bi ta ta bayan fage. Wannan ba gyara ba ne, cin fuska ne.

Ummu Hanan:
Ni aikin na taɓa, ban taɓa mutum ba.

'Yar Damagaram:
Ku yi haƙuri yayyena. Ga abin da zai raba gardamar a aikace, ga mai son rubutawa. Ki fara tsayar da sarki ɗaya da shekarar mulki ɗaya, domin su da shekarun sarki suke ƙirga lokaci. Shekararsu kaka uku ce, ta ambaliya da ta shuka da ta girbi, kowace wata huɗu, wata kwana 30, mako kwana 10, da ƙarin kwana 5 a ƙarshe. Kada jarumarki ta ce "ranar Juma'a". Sunan gari ki sa nasu: ƙasar Kemet ce, Luksor Waset ce, fadar Ramsis kuma can arewa take, Fi-Ramsis. Tafiya ta kogi ce, in za a kudu a buɗe filafilai iskar arewa ta tura, in za a arewa ruwa ya ja. Gimbiya Nitokris a 656 kafin miladiyya kwana 16 ta yi daga arewa kafin ta isa Waset, saboda haka masoyi ba zai je ya dawo a dare ɗaya ba. Ciniki kuwa, akwai shari'ar wata mata a zamanin Ramsis da ta sayi baiwa a kan deben 4 da kite 1 (kashi ɗaya cikin goma na deben) na azurfa, amma abin da ta miƙa tufafi ne da barguna da kwanonin tagulla da tulun zuma. Kwalli kam ki sa mata son ranki, irin namu ne, maza ma suna sawa.

In kuma labari kike nema wanda ya fi ƙirƙira, ga matar sarkin da mijinta ya mutu ba ɗa, ta rubuta wa Suffiluliyuma sarkin Hittiyawa cewa ya ba ta ɗaya daga 'ya'yansa ya zama mijinta, ba za ta auri bawanta ba, tsoro take ji. Bai yarda ba sai da ya aiko a duba. Da ya turo ɗansa Zannanza, yaron ya mutu kafin ya zama sarki, uban ya ɗora wa Masar laifi, yaƙi ya biyo baya. Yawancin masana sun ce Ankesenamun ce, matar Tutankamun, wadda aka zana a jikin kujerarsa ta zinariya tana shafa masa mai a kafaɗa. A kabarinsa an samu gawar jarirai mata biyu da ba su zo da rai ba.

Abu Sadik:
Duk wannan bai amsa tambayata ba. Za a kira shi Fir'auna ko ba za a kira shi ba?

Mai Kula da Zaure:
To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan batu. Ga abin da na fahimta an tsaya a kai. Na ɗaya, Malam Na-Zariya ya tabbatar da cewa Fir'auna sarauta ce ba mutum ɗaya ba, saboda haka babu laifin da marubutanmu suka yi, duk da wadda take son kauce wa surutu tana iya cewa Sarkin Masar. Na biyu, bayanan 'Yar Damagaram sun nuna soyayya ta tabbata a gidajen nan, ga tafki ga haikali, wato 'yan'uwanmu marubuta ba daga iska suka ɗauko ba. Na uku, 'yan ƙananan kurakurai irin na raƙumi da sutura ba sa rasuwa a kowane rubutu, kuma kamar yadda Anti Mai Alƙalami ta faɗa da kyau, mu da muke wannan aiki mun san wahalarsa, gyara ta bayan fage ya fi. Maganar launin fata ba ta cikin batu. Daga yau duk mai ƙorafi a kan littafin wani ya fara turo min kafin ya sa a zaure.

Ummu Hanan:
Ranka ya daɗe, shekara 1,300 ce ƙaramin kuskure? Kuma 'Yar Damagaram cewa ta yi an yi wa Tiye kishiya kafin tafkin, ka cire wannan. Ba wanda ya ce babu laifi.

Abu Sadik:
Ni ban yarda an tabbatar da komai ba. A rubuta cewa na ce Sarki za a ce, ba Fir'auna ba, ko a zamanin wa labarin yake.

Mai Kula da Zaure:
An rufe. Gobe ƙarfe 8 na dare za a ci gaba da karatun babi na gaba kamar yadda aka saba.